Shiga Stonehenge da asubar bikin Mabon: kyauta ne, amma sai da shiri

Duk wanda ya sayi tikitin Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu da ke yankin Wiltshire a kudancin Ingila, a rana ta yau da kullum, daga bayan igiya zai tsaya yana hangen duwatsun, haka abin yake tun 1978. Sau huɗu a shekara ne hukumar English Heritage mai kula da wurin ke buɗe wa kowa hanya ya shiga har tsakiyar da'irar ba tare da ya biya kuɗin shiga ba, kuma ɗaya daga ciki ita ce asubar 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita. Mabiya Wicca, wani addinin zamani mai girmama yanayi, na kiran wannan biki na godiyar kaka Mabon, 'yan Druid masu irin wannan aƙida kuma Alban Elfed. Sunan Mabon ba tsoho ba ne a kan bikin: wani Ba'amurke, Aidan Kelly, ya aro shi daga tatsuniyoyin Wales wajen 1970.

Ana buɗewa da zarar gari ya fara wayewa, wajen ƙarfe 6 da 'yan mintoci, rana ta fito gab da ƙarfe 7, zuwa 8:30 an sallami kowa domin a gyara wurin kafin masu tikiti su iso. A watan Satumba agogon Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar. Hukumar na sanar da takamaiman rana da lokaci kowace shekara, a duba kafin a kama hanya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sufuri. Jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan zuwa Salisbury awa ɗaya da rabi ne, daga nan kuma akwai sauran kilomita 13 ko fiye, don haka mai niyyar tasowa daga Landan da safe sai dai ya tarar an watse. Kwana a Salisbury ko Amesbury shi ne dabara. Mai mota zai biya kuɗin ajiye ta a cibiyar baƙi, sannan ya shirya takawa kusan kilomita biyu da rabi cikin duhu, tafiyar rabin awa. Tocila, takalmin da raɓa ba ta ratsawa, da rigar sanyi mai kauri, ba a wasa da su. Filin fetal yake, babu abin da ke tare iska.

Dokokin sun yi tsauri, kuma sun dace. Ba giya, ba kwalba, ba tanti, ba lasifika, ba hawa kan dutse ko da wanda ya faɗi ne. Wuta ma an hana, har kyandir, abin da kan ba masu bikin haushi tunda kyandir na cikin kayan Mabon a gida. Abin da za ka gani shi ne mutane da fararen riguna, wasu da rawanin ganye a ka, ana buga ganga, an riƙo tuffa da zangarniyar alkama. Babu mai tilasta wa ɗan kallo shiga da'irar addu'arsu. Ka tsaya gefe, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton fuskar mutum.

Ga gaskiyar da ya kamata mai zuwa ya sani: ba domin wannan rana aka jera duwatsun ba. Waɗanda suka kafa manyan, wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun saita su ne da fitowar rana a tsakiyar bazararsu da faɗuwarta a tsakiyar hunturu. A Satumba rana daga gabas sak take ɓullowa, nesa da dutsen da ake kira Heel Stone, wanda ke saitin fitowar ranar tsakiyar bazara, kuma ba za ka ma gan ta ba idan hazo ko gajimare ya rufe ta, wanda ba baƙon abu ba ne a Wiltshire.

To me ya sa muke ganin ya cancanci wahalar? Ƙarancin jama'a. A buɗewar watan Yuni dubbai ne ke cika wurin, da ƙyar ka ga ƙasa. A Satumba kana iya tsayawa dab da dutse mai nauyin tan 25 ka ga gansakukar da ta manne masa, ka kuma bambance shi da ƙananan duwatsun da aka ɗauko daga tsaunukan Preseli na Wales, tafiyar kusan kilomita 240.