Na'urar auna oksijin ta Denso a Toyota Corolla

Na'urar auna iskar oksijin ta kamfanin Denso ta cancanci kuɗinta duk da tsadarta. Guda biyu ake samu a salansar Corolla, ɗaya kafin tukunyar tace hayaƙi, ɗaya bayanta, kuma ta gaban ce kwamfutar mota take dogara da ita wajen daidaita man da inji zai sha. Da aka zo sa mini sabuwa, makanike ya bari salansa ta huce, sannan ya kwance tsohuwar da sifana mai lamba 22. Filogin sabuwar ya zauna daram ba tare da an yanke waya ba, wannan kuwa shi ya fi burge ni. Shan mai ya ragu sosai. Sai dai jabu sun cika kasuwa, saboda haka a gwada lambar sabuwar na'urar da ta tsohuwar kafin a biya kuɗi.