Ofishin sulhun da ya raba mu da yayan matata kan maganar albasa

Jama'a bari in ba ku labarin wani ofishin lauya nan cikin garin Sakkwato da ke aikin sulhu, don na san akwai masu rigima irin tawa da sunka rasa inda za su nufa. Ba zan kama suna ba tunda maganar ta shafi gidanmu.

Bara da kakar albasa na ba yayan matata naira miliyan 1 da dubu 800 ya saya ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, in ta yi tsada a kai kasuwar Ramin Kura a saida mu raba riba biyu. Ba takarda ba shaida, wa zai ce ma yayan matatai kawo biro mu rubuta? Da lokaci ya yi sai yac ce mini kusan rabi ta ruɓe, ni ko nic ce Yaya uwar kuɗina dai nika so, tun daga nan gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu, matata kuma tana tsakiya kullum da kumburin ido. Dattawa sun zaunar da mu sau biyu a zaure, Allah saka musu da alheri amma abin da anka ce duka bai wuce ku yi haƙuri ku ɗaya ne ba, ba wanda ya tambayi buhu nawa anka saya balle nawa ya ruɓe, sai mu tashi da fatiha kowa da abinshi a ciki.

Na je ofishin ne da niyyar a rubuta mini ƙara zuwa kotun shari'a. Baristan ya saurare ni har na gama sannan yac ce Alhaji ƙara ba wuya, amma ranar da masinjan kotu ya kai sammaci gidan surukanka ka san inda maganar za ta tsaya? Wallahi na yi shiru. A nan ne ma ya gaya mini abin da ban sani ba, wai kalmar kotu da munka aro daga Turanci, can wurinsu tana nufin fadar sarki da fadawanta, har filin buga tanis da ita suka kiranshi, asalinta dai fili ne da anka kewaye. Mu ma in ka duba alƙali daga Larabci ta zo, kuma tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 ana kai ƙara gaban alƙali ana kuma kashe magana a fada ko zauren mai unguwa. Yac ce ba kowace magana ce sai ta hau benci ba, ya jawo aya ta 128 cikin Suratun Nisa'i inda Allah ya ce sulhu alheri ne.

Yadda aikin yake, shi ba ya yanke hukunci. Wannan ya nanata shi tun farko, yac ce sulhu daban tahkimi daban, a tahkimi ku kuka zaɓi mutum ku yarda duk abin da ya yanke ya hau kanku, a sulhu ko ba abin da zai hau kanka sai ka sa hannu da kanka, kuma dokar tarayya ta 2023 ta san da duka biyun. Ya zaunar da mu tare, sannan ya ga kowa shi kaɗai da alƙawarin abin da ka faɗa a ɓoye ba zai fita ba sai da izininka. Zaman keɓewar nan shi ya yi aiki gaskiya. Can ne Yaya ya amsa cewa ya saida buhu 15 tun da wuri don wata lalura bai gaya mini ba, kunya ta hana shi faɗa gaban dattawa. Can ne kuma ni ma anka gaya mini wadda ban so ji ba, cewa irin wanga haɗin gwiwa ƙiradi ne, in dukiya ta lalace ba da sakacin mai juyawa ba to asarar ta mai kuɗi ce, shi kuma wahalarshi ta tafi a banza. Na yi gardama sosai, da na fita na tambayi malaminmu na zaure yac ce haka yake a fiƙihu. To ka ga ashe da na je kotu ma ba duka zan samu ba.

Zama uku munka yi cikin sati biyu. Ruɓaɓɓiya na ɗauka, kuɗin buhu 15 da sauran cinikin ya amsa zai biya kashi uku, anka rubuta da kwanan wata, shaidu biyu sunka sa hannu. Barista yac ce in muna so ana iya kai takardar kotu ta zama hukunci bisa yardar juna, mu dai ba mu kai ba.

Inda ban ji daɗi ba, ba a gaya mini kuɗin aiki tun farko ba sai zama na biyu, kuma ya kamata a ce an faɗa a raba mana tun ranar farko don kada ɗaya ya ga kamar lauyan na wanda ya biya ne. Rana guda mun fi awa biyu muna jira yana kotu, ba wanda ya kira ya sanar da mu. Babbar ita ce takardar da Turanci anka buga ta, Yaya ko karatun allo ya yi, sai da na matsa anka yi ta Hausa anka karanta mishi layi layi kafin ya dangwala. Da bai da mai tsaya mishi fa? Wurin jira ma benci ɗaya ne maza da mata, na ga wata baiwar Allah da ta zo maganar gado tana tsaye bakin ƙofa cikin rana.

Kashi na farko ya shigo asusuna kwana biyu kafin ranar da anka sa, na biyu sai bayan sallah. Juma'ar da ta wuce shi da kanshi ya aiko yaro da kwandon albasa a ba ƙanwarshi.