Kafin ka sayi dutsen sama, ka rabu da labarin halittun wata duniya

Duk wanda ya shiga intanet yana neman ɗan gutsuren dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya zai tarar da kaya iri biyu. Akwai wanda aka rubuta sunansa da wurin da aka tsince shi da nauyinsa a giram, akwai kuma wanda aka naɗe cikin labari, ana cewa ɓangare ne na wata na'ura da halittun wata duniya suka ƙera. Na biyun nan ne nake so mai saye ya yi hattara da shi, domin kuɗin da ake ƙara masa kuɗin labari ne kawai.

Abin da ya ƙara wa irin wannan talla ƙarfi shi ne aikin Avi Loeb, masanin taurari a Jami'ar Harvard, wanda a 2023 ya jagoranci wata tawaga zuwa tekun da ke kusa da Papua New Guinea. Sun ja maganaɗisu a ƙasan teku suka tsamo ƙananan ƙwallayen ƙarfe, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba, kuma ya ce mai yiwuwa sun fito daga wani abu da halittun wata duniya suka ƙera, wanda ya faɗo a watan Janairun 2014. Wasu masana sun nuna cewa sinadaran ƙwallayen sun yi kama da tokar kwal, sannan a 2024 wasu suka bayyana cewa girgizar ƙasar da aka dogara da ita wajen gano wurin ta fi kama da ta motar ɗaukar kaya da ke wucewa a tsibirin Manus na ƙasar Papua New Guinea. Idan masana masu ɗakunan gwaji ba su iya tabbatar da wannan magana ba, babu dalilin da zai sa a yarda da mai talla wanda hoto kawai ya ɗora.

Wanda yake son abin da zai burge ido, dutsen ƙarfe ya fi dacewa da shi. Idan aka yanka shi aka goge aka shafa masa asid, wasu layuka madaidaita suna fitowa suna ratsa juna kamar saƙa, kuma su ne masu yaudara ke nunawa su ce aikin inji ne. Na taɓa riƙe yankakken dutsen ƙarfe da ake kira Muonionalusta, na ƙasar Suwidin, ina juya shi a haske, kowane layi yana ƙyalli a lokacinsa, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutum zai ruɗu. Amma wannan zane, da ake kira Widmanstätten, yana samuwa ne idan ƙarfe da nikel suka yi miliyoyin shekaru suna hucewa a hankali cikin wani babban dutse a sarari. Matsalar wannan nau'i ita ce tsatsa. Campo del Cielo na Ajantina ya fi sauƙin samu amma yana bukatar busasshen wuri, Sikhote-Alin da ya faɗo a Rasha a 1947 ya fi jure wa, shi kuwa Gibeon na Namibiya doka ta hana fitar da shi, saboda haka sai a nemi tarihin mallakarsa.

Ni dai na fi ba mai farawa shawarar ya sayi kondirait, wato nau'in dutse da ya fi yawa cikin waɗanda ke faɗowa. Ba shi da ƙyalli, amma ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai shekaru kusan biliyan 4.5, kuma irin na Chelyabinsk, wanda ya fashe a saman ƙasar Rasha a ranar 15 ga Fabrairun 2013, yana zuwa da siririn baƙin ɓawo da zafin faɗowa ya bar masa. Falasait mai koren lu'ulu'u cikin ƙarfe ya fi kyau, ya kuma fi tsada. Moldabait kuwa gilashi ne da ya samu daga narkewar ƙasa bayan wani dutse ya faɗo, kuma jabunsa na koren kwalba sun yi yawa.

Kafin a biya, a duba sunan dutsen a rumbun bayanan ƙungiyar Meteoritical Society, domin a nan ake rajistar waɗanda aka tantance. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta isa ba. Kama maganaɗisu ma ba hujja ba ce, tunda kashin ƙarfe na masana'anta yana kamawa, sai dai shi yakan cika da ramukan kumfa, abin da ba kasafai ake gani a dutsen sama ba. Idan mai kaya ya ƙi faɗin suna da ajin dutsen, ya koma maganar cewa gwamnatoci suna ɓoye sirrinsa, a bar masa kayansa a nemi wani.