Morris Oxford da Austin Cambridge: mota ɗaya ce ko biyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Morris Oxford da Austin Cambridge mota ɗaya ce aka sauya wa suna. To, ya danganta da shekarar da kake nufi.

Kafin 1959 motoci biyu ne, kowace da gidansu. A lokacin kamfanin Morris yana Cowley, a gefen birnin Oxford na Ingila, Austin kuma yana Longbridge a Birmingham. A motocin bayan Yaƙin Duniya na Biyu Oxford ce yaya. Ta fito a 1948 tare da ƙanwarta Morris Minor, kuma Alec Issigonis ne ya zana su. Cambridge sai 1954. A lokacin kamfanonin biyu sun riga sun haɗe tun 1952 sun zama kamfani ɗaya, BMC (British Motor Corporation), don haka inji iri ɗaya aka sa musu, mai lita ɗaya da rabi, amma bodi kowace da nata.

A 1959 ne labari ya sauya. Gidan zane na Farina da ke Italiya ya yi bodi ɗaya, mai fukafukai masu tsini a baya, aka raba wa kowa. In ka ajiye su kusa da juna, bambancin bai wuce ragar gaba, fitilun baya, dashbod da tambari ba. Har Wolseley da Riley da MG, waɗansu motocin BMC, duk wannan bodin aka ba su. Dalili kuwa dillalai ne: na Austin daban, na Morris daban, kuma babu wanda zai yarda a bar shagonsa ba mota. A 1961 aka ƙara injin zuwa 1622cc, aka rage tsinin fukafukan. Cambridge ta tsaya a 1969, Oxford ta kai 1971.

A ganina na kafin 1959 su suka fi cancantar a tuna da su, saboda abin da suka haifar a waje. Nissan ya riƙa ƙera Cambridge A50 a Japan da izinin Austin, ya ƙara ƙwarewa a ƙira da ita. Ita kuwa Oxford ta 1956, an sayar da kayan ƙera ta ga Hindustan Motors na Indiya, ta koma Ambassador, motar ministoci da 'yan tasin Kolkata, ba a daina ƙera ta ba sai 2014.