Hoda mai ruwa a ciki: duba mazubinta kafin ki biya kuɗi

Akwai wata irin hoda da idan kika zuba ta a tafin hannu za ki gan ta gari sak, amma kina murza ta sai ki ji sanyi da danshi, ta narke ta bi fata. Idan kika ci karo da ita a shagon kayan kwalliya a Wunti, ko wajen masu talla a WhatsApp da Instagram, sanyin nan ne zai fara jan hankalinki, kuma mai shago ya san haka, shi ya sa yake hanzarin ɗiga miki ita a bayan hannu. Sanyin gaskiya ne. Abin da ya kamata ki tsaya ki tambaya shi ne ko zai kai wata biyu a ɗakinki a garin Bauchi, kuma amsar tana jikin mazubin da aka zuba hodar.

Ga yadda ake yin ta. Akwai wani garin silika mai laushi ƙwarai da aka sarrafa shi ya zama ba ya jiƙa. Ana zuba shi da ruwa a inji a kaɗa da ƙarfi, ruwan ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, garin ya lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi haɗewa da na kusa da shi. Wadda ta taɓa ganin ɗigon ruwa ya faɗa cikin fulawa ya dunƙule yana mirginawa ta ga misalin abin. Tun shekarun 1960 aka san wannan fasaha, kuma a ɗakin gwaji ana yin wadda kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Ta kwalliya ba ta kai haka ba, domin ana ƙara launi da gilisarin da sinadarin hana ruɓewa. Wadda ta yi suna a cikinsu, Hydra-Mist ta kamfanin Becca, an tallata ta ne a kan cewa rabinta ruwa ne da gilisarin.

To, abin da aka gina a haka yana da rauni. Iska busasshiya tana zuƙe ruwan. Matsi da guga suna fasa ɗigon tun kafin ya kai fuska. Sannan duk inda ruwa ya zauna, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna iya zama. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu muke ciki, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe kafin a gama shanya sauran. Yana wucewa sai bazara ta shigo, zafin Maris da Afrilu ya doshi digiri 40. Hodar da aka bar murfinta sako-sako a irin wannan yanayi ruwanta tafiya zai yi, a bar ki da busasshen gari wanda kika saya da tsada.

Kafin maganar mazubi, ki tabbata wadda aka miƙo miki mai ruwan ce. Juya bayan kwalin ki karanta jerin sinadaran. Ƙa'ida ce a fara rubuta wanda ya fi yawa, don haka ya kamata ki ga “Aqua” ko “Water” a farko ko kusa da farko, sannan a gaba ki ga “Silica Silylate” ko “Silica Dimethyl Silylate”. Da yawa daga waɗanda aka rubuta wa “Hydra” ko “Hyaluronic” da manyan baƙaƙe busasshiyar hoda ce da aka sa wa ɗan sinadarin janyo danshi. Ba laifi ba ne, wasunsu ma suna da kyau, kuma ba sa buƙatar lallami. Sai dai kada a caje ki kuɗin waccan a ba ki wannan. Wata alama mai sauƙi: ta gaskiya a gari take zuwa. Ba a danne ta a faranti kamar hodar jaka, domin dannewar za ta fasa ɗigon.

Mazubin da aka fi gani shi ne kwalba mai rariya, wato faifan roba mai huji-huji a ƙarƙashin murfi. Ga busasshiyar hoda babu abin da ya fi shi sauƙi. Ga mai ruwa kuwa shi ne mafi rauni, musamman wanda takarda mai gam kawai aka liƙa a kan hujin. Ranar da kika ɓare takardar kin buɗe wa iska ƙofa, murfin waje shi kaɗai ya rage, kuma yawancin murafan waje ba su da zoben roba da zai toshe. Akwai mai rariyar da ake murɗawa hujin ya rufe. Wannan ya fi, yana hana zuba a jaka, amma faifai biyu da ke zamewa a kan juna ba sa tare iska sosai. Idan dole sai mai rariya, kada ki ɓare takardar duka. Ki ɗaga gefe ɗaya, ko ki huda wuri biyu ko uku da allura mai tsabta, ki bar sauran a liƙe.

Wanda nake ba da shawara a kansa shi ne mai raga mai laushi da murfin ciki, irin wanda idan kika danna shi za ki ji ya ce ƙas. Ragar tana lotsawa idan burushi ya taɓa ta, hoda kaɗan ta hau, ba sai kin kifa kwalbar kina bubbugawa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace girgiza tana fasa wasu ɗigon, kuma su ne daga baya ke zama guda-gudan da ke toshe huji. Murfin cikin kuma shi ne mai gadin ruwan. A shago ki buɗe shi ki rufe ki saurara, ki duba bakinsa ko akwai zoben roba, ki ga ko yana zama daram. Ki tuna ke mai alwala ce sau da yawa a yini, kuma idan kina waje kusan kowace alwala gyaran fuska ke bin ta. Murfin da za a buɗe sau uku ko huɗu kullum dole ya zama mai ƙwari, kuma wanda za ki iya rufewa nan take ba tare da kin ajiye burushi ba.

Sai burushi mai hoda a cikin mariƙinsa, wanda ake dannawa ko girgizawa hodar ta fito ta tsakiyar gashin. Yana da ban sha'awa, ya shiga ƙaramar jaka, ba ruwanki da neman soso. Amma ki duba tafiyar da hodar za ta yi: ta matsu ta siririyar hanya, ta ratsa gashi tana gugarsa. Wani ɓangare na ruwan a nan zai fashe, gindin gashin ya yi danshi ya cakuɗe da maiƙon fuska, a hankali ya daskare ya toshe. Ga shi wanke irin wannan burushi aiki ne, tunda ruwan wankin na iya komawa cikin hodar. Ni ba zan sa kuɗina a kansa ba sai idan kan burushin yana cirewa a wanke shi daban. Mai soso a manne a baki, wanda ake bubbuga wa fuska kai tsaye, matsalarsu ɗaya, har ya fi, domin gumi da fandeshan (abin da ake shafawa a daidaita launin fuska kafin hoda) suna komawa cikin soson su zauna a bakin hodar.

Shafawar ma tana da nata hannu. Ki bari man fuska da fandeshan su zauna tukuna. Ki ɗebi kaɗan da burushi mai taushi, ki rufe murfin ciki kafin ma ki ɗaga hannu zuwa fuska, sannan ki dinga ɗorawa kina ɗan dannawa. Kada ki goga da ƙarfi kina zagayawa, domin ruwan da ya fashe zai kwashe fandeshan ɗin da ke ƙasa ya bar miki dabbare-dabbare. Kada ki haɗa ta da jiƙaƙƙen soso, kuma ba irin wadda ake tula wa ƙarƙashin ido a bari ta daɗe sannan a kaɗe ba ce. Idan ta bushe a kwalba, don Allah kada ki ɗiga mata ruwa. Ba za ta koma yadda take ba, sai da injin kaɗawa aka yi ta, kuma ruwan da kika ƙara zai raunana sinadarin da ke hana ta ruɓewa.

Masu sana'ar kwalliya, wannan ta fi shafar ku. Ranar kamu ko walima za ku yi wa amarya da ƙawaye da yawa, a ɗaki ɗaya, cikin gaggawa. Burushin da ya taɓa fuska ya koma cikin hoda mai danshi ya kai mata duk abin da ya kwaso, daga ƙuraje har ciwon ido. Ku zuba abin da za ku yi amfani da shi a faranti mai tsabta, ku rufe kwalbar, abin da ya rage a farantin a zubar. Kuma ku gwada ta da hasken kyamara tun kafin ranar. Silika tana mayar da haske, a kan baƙar fata tana iya fitowa fari fat a hoto alhali a madubi ba a ga komai ba. Amarya ba ta da damar sake hoton ranar.

Yanzu, dole ne sai ita? A'a. Fankeke da iyayenmu suka sani, wanda kamfanin kayan kwalliya na Max Factor ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930 don 'yan fim, busasshe ne a farantinsa, ke ce kike kawo ruwan a soso lokacin shafawa. Hunturu ba ya cin sa, yana rufe tabo sosai, illarsa nauyi, kuma sai an bar saman ya bushe kafin a rufe. Akwai kuma kushin, fandeshan mai ruwa da aka jiƙa a soso cikin ƙaramin mazubi mai madubi, wanda ya fito daga Koriya ta Kudu a 2008. Murfin cikinsa yakan yi kyau, amma ba hoda ba ce, kuma samun launin da ya dace da fatarmu yakan yi wuya. Hanya mafi araha ita ce busasshiyar hoda mai kyau da kwalbar feshin fuska daban: ki shafa, ki fesa, kowanne yana mazubin da ya dace da shi. Mai fata mai maiƙo, wadda goshinta ke ƙyalli tun kafin azahar, wannan ya fi mata. Mai ruwa a ciki ta fi amfanar wadda fatarta ke gautsi, wadda hoda ke sa ta yi furu-furu ko ta kwanta mata a layin ƙarƙashin ido. Ita kam za ta ga bambanci, musamman a hunturu, in dai ta riƙe murfi.

Idan kin yanke shawarar saya, ɗauki ƙarama, mai gram 5 zuwa 10, wadda za ki ƙarar tun tana da ranta. Babbar kwalba tana da arahar gram, amma ana cin ta iskar da ke ciki tana ƙaruwa, na ƙasan ya bushe. Ki nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki duba ɗan hoton kwalba mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta wa 6M ko 12M, wato watannin da za ta yi bayan an buɗe. Kada ki karɓi wadda aka ɓare hatiminta, ko da an ce miki “Hajiya, gwadawa kawai aka yi.” Idan kin ga guda-guda, ko raɓa a cikin murfi, ko wari ya sauya, ajiye ta. Idan kuma an kawo miki ta Becca ana rantsuwa sabon kaya ce, ki sani kamfanin ya rufe tun Satumbar 2021. A gida ki ajiye ta a tsaye cikin durowa, nesa da taga. Kada ki bar ta a mota, kuma firij ba mafita ba ne inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, domin sanyi da ɗumi na bi-da-bi raɓa suke tarawa.

Ga masu haɗa lefe kuma, kada ku sa hoda mai ruwa a ciki. Kayan lefe ana sayensu watanni kafin biki, sannan ranar da aka kai akwati kowace gwaggo da kowace ƙawa sai ta buɗe ta shinshina ta ɗiga a hannu. Ku sa busasshiyar hoda da fankeke a akwatin. Idan amarya tana son mai ruwan, a ba ta kuɗin ta saya da kanta ana saura mako ɗaya ko biyu, ta zaɓi launinta a gaban madubi.