Yis na ƙaramin sacet ko na babban ƙunshi: wanne ya dace da mai alkubus?

'Yar'uwa, kin ce sau biyu ke nan kina kwaɓa alkubus yana ƙin tashi, yis ɗin kuma na ƙulli ne daga shagon unguwa, shi ne kike tambaya ko ki koma sayen ƙananan sacet ko ki sayi babban ƙunshin nan mai tauri kamar bulo ki huta. Abin da zai raba miki gardama shi ne kwana nawa yis zai yi a hannunki bayan an farke shi.

Yis abu ne mai rai. Busar da shi aka yi ya yi barci, in ya sami ɗumi da ruwa da sukari sai ya farka ya ci, ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Iska da laima da zafi ke kashe shi a ajiye. Shi ya sa babban ƙunshi yake da tauri: an zuƙe iskar ciki kaf kafin a liƙe shi. In kika taɓa shi a shago kika ji ya yi laushi, garin yana motsi, to ya huje, ki ajiye musu abinsu. Muddin ba a buɗe ba, sacet da ƙunshi duka suna kai wajen shekara biyu daga ranar da aka yi su, kuma kwanan watan yana jiki, ki duba.

Abin da ke ciki iri ɗaya ne. Saf-instant na kamfanin Lesaffre na Faransa, wanda ya fito da wannan nau'in busasshen yis ɗin a 1973, da Angel na ƙasar Sin, duk suna zuwa a ƙanana da manya. Bambancin yana ga lissafi. Sacet yakan ɗauki giram 7 zuwa 11, ya ishi rabin kilo zuwa kilo ɗaya na gari. Ki farke, ki juye, an gama, babu ragowar da za ta lalace. Tsadarsa a kan giram ta fi yawa, wannan gaskiya ne. Babban ƙunshi kuma giram 500 ne. In sau ɗaya a mako kike alkubus ko funkaso kina ɗibar giram 7, zai kai ki mako 70 da wani abu, alhali buɗaɗɗen yis ko a firji ƙarfinsa yakan fara ja baya bayan wata uku zuwa huɗu. A kan kantar kicin cikin zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, ba ya kai haka ko kusa. Kin ga arhar ta koma asara.

Mai sana'a ce babban ƙunshi ya yi wa rana: mai fanke kullum, mai waina, mai gidan burodi, wadda za ta cinye shi cikin mako biyu ko uku. Ko kuma ku haɗa kuɗi ku huɗu, wata ta sayo a kasuwar Singa ta Kano ku raba ranar da aka farke.

Na ƙulli kuwa, ni na daina sayensa. Ba ha'inci nake zargin mai shago da shi ba. Babban ƙunshin nan ne ya farke yana ƙullawa a 'yar leda, ba ki san yaushe aka buɗe ba, kuma a rataye yake yana shan hucin kwano wuni guda. Wata rana ki dace, wata rana ki yi asarar gari da itace da baƙin da kika gayyata. Ɗanyen yis mai kama da cuku ma ki bar zancensa in ba ki da tsayayyar wuta, kusan kashi 70 cikin ɗari nasa ruwa ne, mako biyu zuwa uku yake yi a firji.

In dai kin sayi babban, ga inda mutane ke kuskure. Sai a sa shi a firji a cikin ledarsa, a riƙa fito da shi ana buɗewa yana da sanyi. Iskar damina na taɓa shi sai ya yi gumi, raɓar nan ta tashe shi daga barci babu abinci, ya mutu. Ki raba shi cikin busassun kwalabe ƙanana masu murfi gam. Ɗaya ta amfani, sauran su zauna a firiza kar a taɓa su, sanyin ƙanƙara ba ya yi masa komai. Wadda kika fito da ita ki bari sanyinta ya sake kafin ki buɗe, cokali kuma busasshe. In babu firji, ki nemi lungu mai duhu nesa da murhu, ki kuma sayi abin da za ki ƙarar cikin wata ɗaya.

Kafin ki zuba kowanne a gari, ki gwada. Ƙaramin cokali na yis, ƙaramin cokali na sukari, rabin kofin ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri. Minti goma, in ya yi kumfa yana ƙamshi, yana da rai. Ruwan da ya ƙona miki yatsa ya kashe shi, don wajen digiri 55 zuwa 60 yake mutuwa, kuma ina zargin da yawa daga alkubus ɗin da ake ɗora wa yis laifi ruwan zafi ne ya cuce su. Garin alkama ma ya fi fulawa nauyi saboda dusarsa, tashinsa a hankali ne, balle da hunturu. Ki rufe kwaɓin ki ba shi lokaci har ya ninka, ko ki sirka da fulawa kaɗan.

Ke da kike yi wa gida sau ɗaya a mako, ki sayi sacet biyar ko shida masu nisan kwanan wata, ki zuba su a roba mai murfi ki ajiye a ɗaki, ba a kicin ba.