Hattara da masu tallar RAM mai fitilu a Facebook

Jama'a, ga abin da ya same ni makon jiya, don kada wani ya sake faɗawa hannun mutumin nan.

Ina haɗa kwamfutar tebur don aikin tace bidiyo, aljihu kuma ba nauyi. Sai na ci karo da talla a wani zauren saye da sayarwa: RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) samfurin DDR4 guda biyu, kowacce 16GB, gudun 3200, da rufin ƙarfe da fitilu masu canza launi, a kusan rabin kuɗin kasuwa. Na kira shi, ya ce, "Yallaɓai, saura biyu kacal, ka tura kuɗi in ba direba a tasha." Araha ta rufe min ido, na tura.

Kaya suka iso a kwali mai kyau. Na soka su a babban allon cikin kwamfuta (motherboard), fitilu suka kama gaba ɗaya, har na ji daɗi. Da na buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna yawan RAM, sai na ga 16GB maimakon 32GB. Na sauya musu rami, na goge haƙoran, shiru. Washegari na kai wa wani mai gyara. Ya ɗan gasa rufin ɗayar da iska mai zafi, ya ɓamɓare shi, ya miƙo min. Wallahi allo ne fayau, babu ƙwayar ajiya ko ɗaya, sai fitilu. Ashe akwai irin waɗannan da kamfanoni ke yi don ado kawai, a cike ramin da ba kowa, su kuma 'yan damfara su haɗa ta da ta gaske su sayar a matsayin biyu.

Ɗayar ma ba lafiya ce da ita ba. Takardar jikinta ta ce 3200, amma CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, bai nuna tana da XMP ba (saitin da ke kai RAM cikakken gudunta), a 2133 ta tsaya. Muka sa mata MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, kafin ta gama zagaye ɗaya jan rubutu mai nuna kurakurai ya cika fuskar kwamfutar.

A nan sai an yi adalci: RAM ta gaske ma takan tashi a 2133 ko 2400 har sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin allon kwamfuta, ka kunna XMP. Kuma CPU-Z rabin gudun yake nunawa, wato 1600 na nufin 3200. Kada ka kama wuyan ɗan kasuwa mai gaskiya a kan wannan. Sai dai shi ma bayanin da CPU-Z ke karantawa daga SPD, ɗan guntun da ke riƙe da bayanan RAM ɗin, ana iya sauya shi, shi ya sa gwajin MemTest86 ya fi takarda da kwali.

Mai gyaran ya ƙara min da wata dabarar tasu: RAM ɗin manyan kwamfutocin saba (server), wadda ake kira ECC Registered, suna sayar da ita da arha, alhali allon kwamfutar gida ba ya tashi da ita. In za ka saya, ka tafi da kwamfutarka, a gwada kowacce ita kaɗai a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka.

Shi kuwa mutumin ya toshe lambata tun ranar. Jiya na sake ganin hotunan tallar nan dai, da shimfiɗar tebur ɗin nan mai ruwan toka, a wani shafi mai sabon suna.